Lokacin da Manhajoji Suka Ƙi Buɗuwa a Windows: Fashin Baƙi kan Lalacewar Alaƙar Fayil da Mabuɗinsa

A ƙarshen wani zangon karatu, lokacin da ɗalibai ke rububin buga kundin bincikensu na kammalawa, na shiga wani shagon buga takardu da ke bakin ƙofar wata babbar makaranta domin a fitar mini da wasu shafuka, sai na tarar aiki ya tsaya cak. Yarinyar da ke kan kwamfutar ta juyo mini da allon. Duk tamburan da ke kai, daga na Word zuwa na Chrome har da na firinta, sun rikiɗe sun koma jan tambarin manhajar karanta PDF, kuma duk wanda ta danna sai waccan manhaja ta taso ta ce ba za ta iya buɗe fayil ɗin ba. "Malam, tun safe haka take yi, komai ya mutu," in ji ta. Mai shagon ya riga ya buga wa mai gyara waya, kuma hukuncin da aka yanke tun kafin ya iso shi ne a yi fomatin, wato a share komai a sake ɗora Windows, alhali a cikin na'urar akwai ayyukan ɗalibai da dama waɗanda wasunsu ba su da kwafi a ko'ina. Gaskiyar magana kuwa, babu manhaja ko ɗaya da ta sami matsala a wannan kwamfuta. Ɗan rubutu ne guda ya canja a cikin kundin da Windows take dubawa kafin ta buɗe kowane abu.

Wannan matsala tana cikin waɗanda suka fi tayar wa mai kwamfuta hankali, domin alamunta sun yi kama da na mutuwar na'ura baki ɗaya, amma tana cikin waɗanda ba su cancanci a yi asarar takarda ko ɗaya saboda su ba. Abin da ke sa a garzaya zuwa fomatin shi ne rashin sanin yadda Windows take yanke shawarar abin da za ta buɗe fayil da shi, don haka daga nan ya kamata a fara.

Kowane fayil yana da suna da kuma wutsiya, wato haruffan da ke biyo bayan ɗigon ƙarshe, kamar .pdf ko .jpg ko .docx ko .exe. Wannan al'ada Windows ta gada ce daga zamanin DOS, tsarin sarrafa kwamfuta da ya gabace ta, inda sunan fayil ba ya wuce haruffa takwas, wutsiya kuma ba ta wuce uku. Idan mutum ya danna fayil sau biyu, Windows ba ta leƙa cikinsa domin ta gane ko mene ne, wutsiyar kawai take dubawa. Fayil ɗin kansa yakan ɗauki shaidarsa a ciki, misali takardar PDF tana farawa da rubutun %PDF, manhajar Windows kuma tana farawa da haruffa biyu, MZ, amma ba da wannan shaidar ake zaɓen mabuɗi ba. Shi ya sa wanda ya canja wutsiyar takardar Word daga .docx zuwa .pdf bai mayar da ita PDF ba, tura ta kawai ya yi ga manhajar da ba ta jin yarenta. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, Windows tana ɓoye wutsiyar fayilolin da ta sani sai idan mai amfani ya nemi a nuna, kuma wannan ɓoyewar ta taɓa jawo babbar ɓarna. A watan Mayun 2000, bairos ɗin da aka sani da ILOVEYOU, wanda ya fito daga ƙasar Filifin, ya bazu a duniya a cikin fayil mai wutsiya biyu, .TXT.vbs, inda mutane suka riƙa ganin ta farko kaɗai suna zaton wasiƙa ce.

Bayanin wace wutsiya ke tafiya da wace manhaja yana ajiye ne a cikin rajistar Windows. Rajista babban kundi ne mai rassa, wanda ya fara bayyana a Windows 3.1 a 1992, kuma adana irin wannan alaƙa na daga cikin ayyukan da aka fara ɗora masa kafin daga baya ya zama ma'ajiyar kusan dukkan saituttukan na'ura. Aikin yana tafiya ne hawa biyu, kamar yadda magatakardan da ke bakin ƙofar ofis yake duba takardar baƙo ya gane sashen da ta shafa, sannan ya duba littafinsa ya ga wane jami'i ne ke kula da sashen. A hawa na farko, reshen da ke ɗauke da sunan wutsiyar yana nuna sunan nau'in fayil, misali a Windows 7 da Windows 10 reshen .txt yana nuna txtfile. A hawa na biyu, ƙarƙashin txtfile akwai rassan shell da open da command, kuma a na ƙarshen ne aka rubuta umarnin da za a zartar, wato a kira Notepad a miƙa mata fayil ɗin. Idan ɗaya daga cikin hawan biyu ya karye, ko ya nuna inda babu kowa, fayil ɗin ba zai buɗu ba ko da kuwa lafiyarsa ƙalau.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, su ma manhajojin fayiloli ne, kuma ta wannan ƙofar suke bi. Reshen .exe yana nuna exefile, umarnin buɗe exefile kuma ɗan gajere ne ƙwarai:

"%1" %*

Alamar %1 tana tsayawa ne a madadin cikakken sunan fayil ɗin da aka danna, %* kuma tana nufin duk wani ƙarin bayani da aka haɗo shi da shi. Ma'anar layin ita ce, kada a nemi kowa ya buɗe wannan fayil, a bar shi ya gudanar da kansa. Alamomin zance da suka rungumi %1 su ma suna da aiki, domin sunan wuri irin C:\Program Files yana da sarari a tsakiya, kuma idan babu su Windows tana iya yanke sunan a wurin sararin ta nemi abin da babu. A kan wannan ɗan layi buɗe kowace manhaja daga kan allo ya rataya. Idan aka taɓa shi, ba takarda ɗaya ce za ta ƙi buɗuwa ba, duk abin da ake buɗe takardu da shi ne zai tsaya, har da kayan da za a yi gyaran da su, irin su editan rajista da manhajar yaƙi da bairos. Nan ne wahalar take, domin mabuɗin ɗakin yana kulle a cikin ɗakin.

Akwai wani ɓangare da nake ganin shi ne ya fi sa gyara ya ci tura a hannun masu gyara da dama, wato cewa bayanin alaƙar ba a wuri ɗaya yake ba. Wurare uku ne, kuma wani yana danne wani. Na ƙasa shi ne na na'urar baki ɗaya, wanda ke HKEY_LOCAL_MACHINE\Software\Classes, kuma ya shafi duk wanda ya shiga kwamfutar. A samansa akwai na mai amfani shi kaɗai, a HKEY_CURRENT_USER\Software\Classes, wanda idan aka rubuta abu a cikinsa shi ake bi a bar na na'ura. Reshen da aka fi sani, HKEY_CLASSES_ROOT, haɗakar waɗannan biyun ce kawai ake nunawa wuri guda. Sai na uku, wanda ke can cikin saituttukan Explorer, manhajar da ke nuna fayiloli da foldoji, ƙarƙashin FileExts, inda kowace wutsiya kan iya samun reshe mai suna UserChoice, kuma nan ne ake rubuta zaɓin da mutum ya yi da hannunsa lokacin da ya ce a riƙa buɗe irin wannan fayil da manhaja kaza. Wannan na uku shi ne ke da magana ta ƙarshe idan an danna fayil. Saboda haka mai gyara zai iya duba na ƙasa ya ga komai daidai, ya sake rubuta shi sau goma, matsalar kuma tana nan daram, domin umarnin da ake bi yana sama inda bai duba ba.

Hanyar da ta fi yawan kawo lalacewar ita ce kuskuren hannu. Fayil ya ƙi buɗuwa, Windows ta fito da akwatin Open with ta tambayi da me za a buɗe shi, mutum ya zaɓi manhajar da ya fi sabawa da ita, bai lura ba cewa a ƙasa akwai ɗan akwatin da ke cewa a riƙa amfani da wannan manhaja kullum ga irin wannan fayil. A Windows 7 wannan akwati yakan zo da alamar amincewa tun asali. Idan fayil ɗin hoto ne ko waƙa, ɓarnar kaɗan ce. Idan kuwa .exe ne, ko .lnk, wato gajeriyar hanyar da masu gyara ke kira shotkot, to komai ne zai juye, domin kusan duk tamburan da ke kan allo da cikin jerin Start gajerun hanyoyi ne. Mai wayar Android ya san ƙaramin nau'in wannan, lokacin da waya ta tambaye shi ko a buɗe abu da manhaja kaza sau ɗaya kawai ko koyaushe, ya danna koyaushe bisa kuskure. Cire manhaja ma yana iya barin wutsiya tana nuna abin da ya riga ya tafi, haka nan manhajojin da ake tallatawa da sunan masu wanke rajista, waɗanda kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da su.

Hanya ta biyu ta fi muni, kuma ita ce ta bairos. Tun da daɗewa masu ƙirƙirar mugayen manhajoji suka gane cewa wanda ya mallaki layin buɗe exefile ya mallaki na'urar, domin idan suka cusa sunan bairos ɗinsu a gaban "%1" %*, to duk manhajar da aka danna, bairos ne zai fara tashi, sannan shi ya buɗe abin da aka nema don kada a yi zargi. SirCam, wanda ya yaɗu ta imel a 2001, haka ya yi. Neshta ma haka yake yi, yana ajiye fayil mai suna svchost.com a cikin foldar Windows, sunan da ya yi kama da na svchost.exe, fayil ɗin Windows na gaskiya, sannan ya ɗaura shi a kan layin. Tsakanin 2010 zuwa 2012 kuma an yi fama da jabun manhajojin yaƙi da bairos, masu tsoratar da mutum cewa kwamfutarsa cike take da cuta don ya biya kuɗi, kuma da yawansu sukan rubuta nasu reshen .exe a ɓangaren mai amfani, inda ba sa bukatar izinin mai gudanarwa. Abin da ke rikita mutane a nan shi ne, sau da yawa matsalar ba ta bayyana sai bayan an kashe bairos ɗin. Manhajar tsaro ta gano mugun fayil ta goge shi, amma ta bar layin rajista yana kiran sunansa, sai kowace manhaja ta koma jiran ɗan rakiyar da ba ya nan. Mai kwamfuta sai ya ɗora laifin a kan manhajar tsaron, ya ce ita ta lalata masa na'ura, alhali rabin aikin ta yi ta bar rabi.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a tsaya a karanta alamun, domin su ne ke nuna inda za a dosa. Idan nau'in takarda ɗaya ne kawai ke buɗuwa da manhajar da ba ta dace ba, lamarin mai sauƙi ne. Idan tambura sun koma iri ɗaya amma manhaja tana buɗuwa idan aka bi ta har cikin foldarta a Program Files aka danna ainihin fayil ɗin .exe, to alaƙar .lnk ce ta lalace. Idan can ma ta ƙi, ta fito da akwatin Open with ko ta ce ba a sami wani fayil mai baƙon suna ba, to .exe ce, kuma wannan baƙon suna a rubuta shi a takarda, domin sau da yawa sunan bairos ɗin ne. Akwai gwaji guda da nake ba muhimmanci ƙwarai: a shiga kwamfutar da wani asusun mai amfani daban, ko a ƙirƙiri sabo. Idan a can komai yana aiki, an tabbatar cewa ɓarnar tana ɓangaren mai amfani na farko ne kaɗai, ba ta kai ga na'urar baki ɗaya ba.

Gyaran takardu na yau da kullum ba ya bukatar shiga rajista. A danna fayil ɗin da madannin dama na linzami, a zaɓi Open with, a nuna manhajar da ta dace, a sa alamar a riƙa amfani da ita kullum. A Windows 10 da 11 ana iya bi ta Settings, sai Apps, sai Default apps, inda akwai madannin Reset da ke mayar da zaɓuɓɓukan zuwa waɗanda Microsoft ta tsara tun farko.

Idan .exe ce ta lalace, aikin farko shi ne a sami hanyar shiga baƙin allon umarni, wato Command Prompt. Dalilin da ya sa yake da amfani shi ne, Windows tana da hanyoyi biyu na tayar da manhaja. Danna fayil a kan allo yana bi ta hanyar da ke tambayar rajista, amma idan aka rubuta sunan manhaja a allon umarni, kai tsaye ake tayar da ita ba tare da an nemi shawarar alaƙar .exe ba. A danna Ctrl da Alt da Del tare, a zaɓi Task Manager, a buɗe File, sannan a riƙe madannin Ctrl yayin da ake danna Run new task, wanda a Windows 7 ake kira New Task. Maimakon akwatin rubuta suna, allon umarni ne zai fito, kuma a Windows 10 yakan fito da izinin mai gudanarwa idan asusun yana da wannan matsayi. Wani lokaci kuma danna manhaja da madannin dama a zaɓi Run as administrator yakan yi aiki, domin wannan umarni reshensa daban ne da na open, sai dai idan bairos ɗin ya taɓa shi shi ma. Idan duk an toshe waɗannan, sai a koma Safe Mode with Command Prompt, wato a tayar da Windows da muhimman abubuwanta kaɗai tare da allon umarni. A Windows 7 ana samun sa ta danna F8 lokacin da na'ura ke tashi, a Windows 10 da 11 kuma ta riƙe Shift yayin danna Restart, a bi Troubleshoot da Advanced options da Startup Settings, a zaɓi lamba 6.

Da zarar an shiga, a fara da dubawa, kada a fara da gogewa. Umarnin assoc .exe ya kamata ya amsa da .exe=exefile, umarnin ftype exefile kuma ya amsa da exefile="%1" %*. Waɗannan umarni biyu na Command Prompt ne, PowerShell, wani allon umarni daban da ke cikin Windows, ba ta san su ba, kuma na sha ganin wanda ya rubuta su a can ya ga jan rubutu ya ɗauka wata sabuwar matsala ce. Idan amsar ta saɓa, sai a mayar da su daidai:

assoc .exe=exefile

ftype exefile="%1" %*

Wannan ya gyara hawan ƙasa ne kawai, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsayawa. Dole a haura a duba sauran biyun. Umarnin reg query HKCU\Software\Classes\.exe zai nuna ko akwai reshen .exe a ɓangaren mai amfani (HKCU taƙaitaccen sunan HKEY_CURRENT_USER ne), kuma a kwamfuta mai lafiya galibi amsar ita ce ba a same shi ba. Idan yana nan, musamman idan yana nuna wani suna daban da exefile, a lura da sunan, domin shi ma yana da nasa reshen a wannan wuri da ya kamata a cire. Haka za a duba HKCU\Software\Classes\exefile. Kafin a goge kowane reshe a ajiye kwafinsa da umarnin reg export, a ba shi suna a ajiye a wurin da za a tuna, saboda rajista ba ta da madannin komawa baya, kuma abin da aka goge ya tafi nan take ba tare da ya biya ta kwandon shara ba. Bayan an ajiye kwafi, sai a cire zaɓin mai amfani da wannan umarni:

reg delete "HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\FileExts\.exe\UserChoice" /f

A kula sosai da rubutun, harafi bayan harafi, domin /f yana nufin kada a tambaye ni tabbaci, kuma wanda ya yanke layin kafin ya kai UserChoice zai goge abin da ya fi wanda ya yi niyya yawa. A kuma tuna cewa HKCU yana nufin asusun da aka shiga da shi a wannan lokacin, don haka gyaran sai an yi shi daga cikin asusun da ke da matsalar. Daga nan a fita daga asusun a sake shiga, ko a sake kunna na'urar.

Idan bairos ne sanadi, gyaran rajista kaɗai ba ya wadatarwa, domin matuƙar yana raye zai sake rubuta layinsa cikin ɗan lokaci. Tsarin da ya dace shi ne a tsayar da shi, a gyara alaƙar, a yi cikakken bincike da manhajar tsaro mai sabon bayani, sannan a sake duba assoc da ftype da rassan nan bayan binciken. Wasu masu kayan yaƙi da bairos sukan fitar da kayansu da wutsiyar .com ko .scr musamman saboda irin wannan yanayi, tunda waɗannan wutsiyoyi alaƙarsu daban ce da ta .exe. Ba zan ce fomatin ba shi da rana ko kaɗan ba. Bairos irin Neshta ba ya tsayawa a rajista, yana liƙa kansa a jikin fayilolin .exe ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ya yi nisa sake ɗora Windows shi ne abin da hankali zai fi kwanciya da shi. Amma ko a lokacin, sai an kwashe takardu da hotuna an ajiye tukuna, a bar manhajoji da fayilolin girkawa a baya kada a ɗauko cutar a mayar da ita sabon gida.

Akwai kuma System Restore, wanda yake tare da Windows tun daga Me da XP, kuma ana iya kiransa daga allon umarni da rstrui.exe. Yana mayar da rajista da fayilolin tsarin zuwa yadda suke a wata rana da ta wuce ba tare da ya taɓa takardun mutum ba, sai dai a kwamfutoci da yawa masu Windows 10 za a tarar ba a kunna shi ba, kuma idan babu ajiyayyen zango babu inda za a koma. Umarnin sfc /scannow, wanda ake yawan ba da shawararsa ga kowace irin matsala, aikinsa duba fayilolin Windows ne da maye gurbin waɗanda suka lalace, ba gyaran zaɓin mai amfani a rajista ba. Game da fayilolin .reg da ake saukewa daga intanet da sunan gyara cikin dannawa ɗaya, wasunsu suna aiki, amma ina ganin bai dace a shigar da ko ɗaya ba sai an buɗe shi da Notepad an karanta, tunda rubutu ne zalla, an kuma tabbatar an yi shi ne domin irin Windows ɗin da ke kan na'urar.

Ba duk ƙin buɗuwa ne ya shafi alaƙar fayil ba. Idan wasu zaɓaɓɓun manhajoji ne kawai suka ƙi tashi, musamman na tsaro da Task Manager da editan rajista, sauran kuma suna aiki, a duba reshen Image File Execution Options, inda bairos kan rubuta sunan manhaja ya ɗaura mata wani abu da zai tashi a madadinta. Haka nan bairos ɗin filash da ya addabi shagunan buga takardu da wuraren shiga intanet, wanda ke mayar da foldoji gajerun hanyoyi, lamarinsa daban ne, domin shi ɓoye ainihin fayilolin yake yi ya ajiye na bogi a gurbinsu, kuma umarnin attrib ne ke fito da su bayan an kawar da cutar.

Microsoft ta ɗan toshe wannan kafa a sababbin fitowar Windows. Tun daga Windows 8 a 2012, reshen UserChoice yana ɗauke da wata lambar tantancewa da Windows ce ke lissafa ta, kuma idan wata manhaja ta canja zaɓin ta bayan fage lambar ba za ta dace ba, sai a yi watsi da canjin. Wannan ne asalin saƙon da masu Windows 10 kan gani cewa an mayar da wani zaɓi yadda yake tun farko. Sakamakon haka, rubuta sabon zaɓi da hannu a cikin UserChoice ba ya aiki a waɗannan fitowar, sai dai a goge reshen ko a bi ta Settings. Amma Windows 7, wadda aka daina ba tallafi a ranar 14 ga Janairun 2020, har yanzu ana ganinta a kan tsofaffin kwamfutocin gwanjo a shaguna da ofisoshinmu, kuma a kanta kuskuren dannawa ɗaya ya isa ya juya allo gaba ɗaya.

Kwamfutar shagon nan ma Windows 7 ce. Na roƙi mai shagon ya ba ni 'yan mintuna kafin mai gyara ya iso, na ce, "Alhaji, idan bai yi ba, fomatin ɗin yana nan bai gudu ba." Na bi Word har cikin foldarta na danna ainihin fayil ɗinta, ta buɗe lafiya lau, wanda ya nuna .exe ba ta da matsala. Na buɗe allon umarni na duba reshen .lnk ƙarƙashin FileExts, sai ga UserChoice yana nuna manhajar PDF. Na ajiye kwafi, na goge reshen, na tabbatar assoc .lnk yana amsawa da lnkfile, muka sake kunna na'urar, tambura suka dawo kowa da kamarsa. Da na tambayi yarinyar abin da ta buɗe na ƙarshe kafin abin ya faru, sai ta nuna mini wani saƙon imel da wani ɗalibi ya turo da safe domin a buga masa babi na huɗu na kundinsa. Abin da ya maƙala a saƙon gajeriyar hanya ce da ke kan allon kwamfutarsa, girmanta bai wuce kilobait biyu ba, kuma da ta ƙi buɗuwa sai yarinyar ta zaɓa mata manhajar PDF. Ainihin babin yana can gida a cikin na'urar ɗalibin, sai da aka kira shi a waya ya koma ya kwafo shi a filash.